Imanin Magini da Tsarkin Ɗaki: Cocin Unguwar Tor Tre Teste a Birnin Rum

A gabashin birnin Rum, kimanin kilomita 10 daga tsakiyar gari, akwai wata unguwa da ake kira Tor Tre Teste. Masu yawon buɗe ido ba su cika bi ta nan ba, domin ba abin da ke wurin sai dogayen benayen zama da aka jera a shekarun 1970, cike da ma'aikata da iyalansu. A wani fili da ke tsakanin benayen nan akwai coci fari, sunansa Dio Padre Misericordioso, wato Allah Uba Mai Jinƙai, wanda Kadinal Camillo Ruini ya keɓe ranar 26 ga Oktoba, 2003. Cocin unguwa ne, aikinsa shi ne Misa ta ranar Lahadi, baftismar jarirai, ɗaurin aure, jana'iza da koya wa yara katekisim. Wanda ya zana shi kuwa, Richard Meier, Ba'amurke ne haifaffen Newark a 1934, kuma Bayahude ne. Bai yarda da abin da ake yi a kan bagaden da ya zana ba, bai kuma taɓa cewa ya yarda ba. Daga nan tambaya ta taso, wadda ta girmi wannan coci da ƙarnoni: shin ya halatta, ko ma dai yana yiwuwa, mutum ya tsara ɗakin ibadar da ba tasa ba, ɗakin kuma ya yi aikinsa? Ra'ayina shi ne yana yiwuwa, kuma masu neman a binciki zuciyar magini sun ɗora nauyi a kan wanda ba shi ne mai kaya ba. Nauyin yana kan ikilisiyar da ta ba da aikin.

Ba kuskure aka yi aka faɗa hannun Meier ba. A shirin Shekarar Jubili ta 2000, hukumar da ke tafiyar da dayosis ɗin Rum a madadin Paparoma ta ƙudura gina sababbin coci 50 a unguwannin bayan gari, inda jama'a suka yi yawa, ɗakunan ibada suka yi kaɗan, wasu ikilisiyoyin ma suna taruwa a wuraren wucin gadi. Ta so ɗaya daga cikinsu ya zama tambarin shirin baki ɗaya, sai ta gayyaci mashahuran masu zanen gini shida su yi gasa a 1996: Meier, Frank Gehry, Peter Eisenman, Tadao Ando, Santiago Calatrava da Günter Behnisch. Uku na farko duk daga gidajen Yahudawa suka fito, Ando kuma Bajapane ne wanda ba Kirista ba. Duk wanda ya rubuta wannan jeri ya riga ya yanke shawara cewa addinin mai zane ba zai shiga ma'auni ba. Kuma a Rum wannan ba ƙaramar magana ba ce. A birnin nan ne Paparoma Paul na IV ya killace Yahudawa a unguwa guda a 1555, aka riƙa tilasta musu sauraron wa'azin Kirista. Tsakanin wancan zamani da ranar da aka miƙa wa Bayahude zanen coci akwai sanarwar Nostra Aetate ta 1965 a kan dangantakar Ikilisiya da sauran addinai, da kuma ziyarar da Paparoma John Paul na II ya kai babbar majami'ar Yahudawan Rum a watan Afrilun 1986.

Ginin kansa ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba a yi wa gini shari'a da jita-jita. A kudancinsa akwai bango uku masu lanƙwasa, suna tsaye ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fi na bayansa tsawo, mafi tsawon ya haura mita 26. Dukkansu yanki ne na ƙwallo mai girma ɗaya, kamar a fasa ƙwarya guda a ɗauki sakaina uku a kafa su a tsaye, cikinsu na duban waje ɗaya. Ba zuba kankaren aka yi a wurin ba. An yi shi ne gunduwa-gunduwa, kowace mai nauyin tan da yawa, aka ƙera wata na'ura ta musamman da ke ɗaga su tana ajiye kowace a gurbinta, sannan aka ɗaure su da igiyoyin ƙarfe da aka ja suka yi tauri ta cikin bangon. Shi ya sa bangayen suke tsaye da kansu ba ginshiƙi. Tsakanin bango da bango gilashi ne, rufin ma gilashi ne, saboda haka wanda ke zaune a ciki yana ganin sama, amma rana ba ta dukansa kai tsaye domin bangayen kudu sun tare ta. A arewa akwai miƙaƙƙen bango da aka lulluɓe da katako, shi ya raba ɗakin sujada da ginin ikilisiya mai ɗauke da ofisoshi, ɗakunan karatu da zauren taro. A cikin lungunan da ke tsakanin bangaye masu lanƙwasa aka sa ƙaramin ɗakin addu'a na ranakun mako, da wurin baftisma, da ɗakunan furta zunubi. Ana shiga daga gabas, bagade yana yamma, kamar yadda yake a cocin Waliyyi Bitrus na Vatikan. Daɓen ƙasa da bagaden na dutsen travertine ne, dutsen da aka gina rabin tsohon Rum da shi. Masu bayani suna cewa bangaye ukun suna nuni ga Triniti, siffarsu kuma ta filafilan jirgin ruwa ce, wato jirgin Bitrus yana shiga ƙarni sabo. An aza harsashi a 1998, amma wahalar aikin ta sa Jubilin ya zo ya wuce ba a gama ba, sai aka haɗa buɗewar da cikar Paparoma John Paul shekara 25 a kan kujera.

Masu cewa bai kamata ba suna da hujja mai nauyi, kuma rashin adalci ne a mai da su masu ƙyamar baƙo kawai. A wasiƙarsa ta 1955 a kan kiɗan ibada, Paparoma Pius na XII ya faɗi ƙarara cewa mai fasahar da bai yi imani ba, ko wanda halinsa ya yi nisa da Allah, kada ya sa hannu a aikin fasaha na addini, domin ba shi da idon da zai ga abin da ibada take bukata. Suna kuma da Littafi Mai Tsarki: a Littafin Fitowa, Bezalel da aka ba aikin alfarwa ta sujada, an ce Allah ne ya cika shi da Ruhunsa kafin ya taɓa zinariya ko itace. A Ikilisiyar Gabas mai zana hotunan tsarkaka yakan shiga aikin da azumi da addu'a. Suna da Antoni Gaudí, wanda ya ƙare rayuwarsa yana kwana a wurin aikin cocin Sagrada Família na Barcelona, ya mutu a 1926 cikin tufafin da suka sa aka ɗauke shi almajiri, har ga shi yanzu Ikilisiya tana duba batun sa shi cikin tsarkaka. Tushen hujjar tasu shi ne cewa abin da ke cikin zuciya shi ke fita ta hannu. Wanda bai taɓa durƙusawa gaban bagade ba, in ji su, zai iya auna tsawonsa da faɗinsa, amma ba zai san dalilin da ya sa tsohuwa take rage murya in ta matso kusa da shi ba.

Sai dai kafin a amsa wannan, dole a tambayi ita Ikilisiyar Katolika daga ina take cewa tsarkin ɗaki yake zuwa, kuma amsarta ba ta da ruɗani. Dokokin Ikilisiya na 1983 sun bayyana coci a matsayin ginin da aka ware domin sujada, wanda masu bi suke da 'yancin shiga. Ba a fara ginin sai da rubutaccen izinin bishop, ba ya kuma zama wuri mai tsarki sai an keɓe shi ko an sa masa albarka. A ranar keɓewa bishop yakan yayyafa ruwa a kan jama'a da bango da bagade, ya shafa man keɓewa a bagaden da wurare goma sha biyu ko huɗu a jikin bango, a ƙona turare, a kunna fitilu, sannan a yi Misa ta farko. Abin lura shi ne mutane ake fara yayyafa wa ruwan kafin bango. A wannan hidima aikin mai zane da magina, idan ma an ba su wani, shi ne su miƙa wa bishop mabuɗi ko takardun zanen ginin, su koma gefe. Dokokin nan kuma sun ba bishop ikon janye coci daga aikin ibada idan ya lalace ko wani babban dalili ya taso, shi ya sa a Turai ake samun tsofaffin coci da suka koma ɗakin karatu ko kantin littattafai. Da tsarkin yana cikin hannun magini ne ya shige cikin dutse, da takardar bishop ba ta isa ta cire shi ba.

Tarihin birnin Rum kansa shaida ne. Pantheon, wanda aka gina a zamanin Sarki Hadrian wajen shekara ta 125, masu bautar gumaka suka tsara shi, suka gina shi, domin allolinsu. A 609 Paparoma Boniface na IV ya karɓe shi ya keɓe shi ga Maryamu da shahidai, kuma har gobe ana Misa a cikinsa. Siffar basilika ma, wadda masu son tsohon salo suke ɗauka ita ce ainihin kamannin coci, aro ce daga zaurukan shari'a da na ciniki na Rumawa, Kiristocin ƙarni na 4 suka ga ta dace da taro mai yawa suka ɗauka. Akwai kuma tsohuwar gardamar Arewacin Afirka. 'Yan ɗariƙar Donatus sun dage cewa baftismar da limami mai zunubi ya yi ba ta karɓu ba. Augustine, bishop ɗin Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya amsa cewa Almasihu ne mai yin baftismar, limami hannu ne kawai, kuma wannan matsayi shi Ikilisiya ta riƙe tun taron Carthage na 411. Idan ingancin baftisma bai rataya ga tsarkin wanda ya zuba ruwan ba, da wuya a ce ingancin ɗakin ya rataya ga imanin wanda ya zana kwatamin ruwan.

Littafi Mai Tsarki ma bai tsaya a kan Bezalel ba. Da Sarki Sulemanu zai gina Haikali, wurin Hiram Sarkin Taya ya aika neman itacen al'ul da masassaƙa, ya kuma amsa da bakinsa cewa a cikin jama'arsa ba mai gwanintar saran itace kamar Sidoniyawa. Mutanen Taya da Sidon kuwa ba Ubangijin Isra'ila suke bauta wa ba. Mai gardama zai kawo Littafin Ezra, inda waɗanda suka komo daga bauta a Babila suka ƙi tayin maƙwabtansu na su haɗu su sake gina Haikalin. Amma a littafin nan dai, kafin wannan, an nuna sun biya mutanen Sidon da Taya da abinci da mai domin su kawo musu katako daga Lebanon. Ashe abin da suka ƙi shi ne a yi tarayya da su a mallakar ɗakin da ikon faɗin yadda za a yi sujada a cikinsa. Gwanintar baƙo kuwa sun saye ta da kuɗinsu, ba su ga aibu ba. Wannan rarrabewa, tsakanin mai gida da mai aiki, ita ce a ganina ta warware mafi yawan rikicin.

Mai hankali daga ɗaya ɓangaren ba zai gamsu ba tukuna. Zai ce duk wannan magana ce ta inganci, inganci kuwa shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake nema. Misa tana inganta a cikin tanti ko gareji, amma ba wanda zai ce gareji da babban cocin Chartres na Faransa ɗaya suke. Gini yana wa'azi ko da limami ya yi shiru, yana koya wa yaro inda zai duba da inda zai sunkuya, kuma wa'azin wanda bai yi imani ba fanko ne. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ne: gini yana koyarwa. Inda ta gaza shi ne zaton cewa ana iya karanta imanin magini a jikin bango. A 1930 Rudolf Schwarz, Bakatolike mai riƙo da addini, abokin malamin tauhidi Romano Guardini, ya gina cocin unguwa na St. Fronleichnam a Aachen ta Jamus. Akwati ne dogo, fari, ba ado, bangon da ke bayan bagade wayam, har mutane suka yi masa laƙabi da masana'anta. Ya fi na Meier tsiraici nesa ba kusa ba, kuma daga zurfin imani ya fito, domin Schwarz da Guardini suna ganin wofin bangon shiru ne da ake yi gaban Wanda ba ya zanuwa. Tun wajen 1125 ma Waliyyi Bernard na Clairvaux yake faɗa da yawan ado a gidajen sufaye. A ɗaya hannun kuma, marubucin tarihin masu zane Vasari ya ruwaito cewa mai zane Perugino, wanda hotunansa na Maryamu suke sa mutane hawaye, bai yarda rai yana wanzuwa bayan mutuwa ba. Mai zane Caravaggio ya kashe mutum a Rum a 1606 ya gudu, amma zanensa na kiran Matiyu yana nan a cocin San Luigi dei Francesi, Paparoma Francis ma ya sha ambaton yadda yakan je ya tsaya gabansa. Idan aka ɓoye sunaye aka ce wa mai suka ya ware aikin mai bi da na marar bi, zai sha kunya fiye da sau ɗaya.

Akwai kuma matsala ta aiki. Imani abu ne na ɓoye, bishop ba shi da ma'aunin da zai sa a ƙirjin mutum. Sharaɗin da ba a iya tabbatarwa yakan rikiɗe ya zama neman takarda: a kawo shaidar baftisma, a kawo wasiƙar fada. Takarda kuwa munafuki ya fi kowa saurin samunta, gwani mai gaskiya da ya ce shi bai yarda ba shi za a kora. Labarin cocin Waliyyi Francis na Pampulha a Belo Horizonte ta Brazil ya nuna ƙarshen irin wannan lissafi. Oscar Niemeyer, wanda bai yarda da Allah ba kuma ya rayu ɗan gurguzu, shi ya zana shi, aka gina a 1943, hukumar coci ta ƙi keɓe shi sai a 1959. A tsakanin shekarun nan Niemeyer bai tuba ba, rufin bai canza lanƙwasa ba. Idon masu iko ne ya saba.

Ba kuwa ina goyon bayan duk abin da ɓangaren masu sabon salo suka faɗa ba ne. Fada Marie-Alain Couturier, ɗan ƙungiyar Dominican a Faransa, shi ya fi kowa yaɗa ra'ayin cewa gara a ba gwani marar imani aiki da a ba mai imani marar gwaninta. Ya gaji da gumakan farar ƙasa da ake bugawa dubu-dubu ana sayarwa a shagunan unguwar Saint-Sulpice ta Paris, yana ganin su ne suka sa masu ilimi raina addini. A cocin Plateau d'Assy, wanda aka gina domin masu jinyar tarin fuka a tsaunukan Alps aka keɓe a 1950, shi da Fada Jean Devémy sun tara masu fasaha: Léger da Lurçat masu ra'ayin gurguzu, da Chagall da Lipchitz Yahudawa, da Matisse, Braque, Bonnard da Rouault. Lipchitz har ya rubuta a jikin siffar Maryamu da ya ƙera cewa shi Bayahude ne mai riƙe da addinin kakanninsa. Rigimar da ta tashi a 1951 ba a kan waɗannan ta fi zafi ba, a kan gicciyen Germaine Richier ne, mai siffar jiki da ya zagwanye ba fuska sosai, wanda bishop ɗin Annecy ya sa aka cire daga bagade, bai koma ba sai 1969. Siffar abin ce ta tayar da hankali. Amma kuskuren Couturier shi ne ya maye gurbin sharaɗi guda da wani: da ana cewa imanin mai fasaha ya wadatar, shi ya ce baiwarsa ta wadatar. Duka biyun sun kafa ido a kan mai aiki sun manta da masu ɗakin. Wanda ya shiga Assy yau yana iya jin kamar gidan baje kolin zane ya shiga, kowane bango da sunan gwaninsa, kuma ba laifin gwanayen ba ne.

Da wannan ido ya kamata a dubi aibobin Tor Tre Teste, domin yana da su. A 2013 Antonio Paolucci, shugaban gidajen tarihi na Vatikan a lokacin, ya koka cewa da yawa daga sababbin cocin bayan garin Rum sun fi kama da gidajen tarihi ko manyan ɗakunan ajiya, ba sa kiran mutum ga addu'a. Wanda ya san aikin Meier zai gane dalilin irin wannan kuka. Farin nan, da gilashin nan, da layukan nan, su ne a cibiyar Getty ta Los Angeles, su ne a gidan tarihin Barcelona, su ne a rumfar da ya yi wa tsohon bagaden Ara Pacis a tsakiyar Rum. Hannunsa ne, duk inda ya je da shi yake zuwa. Sai dai wannan ba alamar Yahudanci ba ce, alamar shahara ce, kuma ita aka je saye. Hukumar da ta gayyaci mutum shida da duniya ta sani, maimakon ta fara da tambayar mutanen unguwa yadda suke jerin gwano ranar Lahadin Dabino ko inda suke so su kunna kyandir, ta riga ta zaɓi abin da za ta samu. Haka batun farin. Kamfanin Italcementi ya haɗa wani siminti na musamman mai sinadarin titanium dioxide, wanda aka ce hasken rana zai sa ya riƙa cinye dattin iska, bango ya zauna fari ba wanki. Shekaru sun nuna alkawarin bai cika yadda aka zata ba, ruwan sama da ƙura sun bar zane-zane a jikin bangayen. Gini irin wannan kuwa kula da shi sai da kuɗi da ƙwararru, ikilisiyar unguwar ma'aikata kuma ba baitulmali gare ta ba. Majalisar Vatikan ta Biyu, a kundinta na 1963 a kan sujada, ta ce Ikilisiya ba ta ɗauki wani salo guda ta ce nata ne ba, amma a wuri guda ta gargaɗi bishop-bishop su nemi kyau mai mutunci, su guji nuna isa. Kashi na farko ya wanke Meier. Kashi na biyu tambaya ce da ke kan teburin waɗanda suka sa hannu a kwangila.

A inda aka gaya masa abin da ake bukata kuwa, ya ji. Ya gane cewa cocin unguwa rabinsa makaranta ne da zauren taro, sai ya ba wannan rabi gininsa na kansa, ya haɗa shi da ɗakin sujada ba tare da hayaniyar ɗaya ta shiga ɗaya ba. Ya bar fili shimfiɗaɗɗe a gaban ƙofa, abin da Italiyawa suka saba da shi, inda ake tsayawa gaisawa bayan Misa, unguwar da aka gina ba dandali ta samu dandali. Ya ware wa masu zuwa Misa ta safiyar Talata, waɗanda ba su cika yawa ba, ƙaramin wuri da ba za su ji sun ɓace a cikinsa ba. Waɗannan ba ruhi ne ya saukar masa da su ba. Sani ne da ake samu ta tambaya da kallo da karanta ƙa'idodin sujada, kuma a buɗe yake ga duk mai kunne. Likitan da bai taɓa haihuwa ba yana karɓar haihuwa, muddin ya koyi aikin kuma yana sauraron mai naƙuda.

Akwai wuri guda da nake ganin Pius na XII yana da sauran magana, shi ne wurin siffa. Bango yana tsara fili da haske, amma fuskar Almasihu a kan gicciye furci ne na aƙida, tana cewa ga wanda ya mutu, ga dalilin mutuwarsa. A nan tazarar da ke tsakanin mai yi da abin da yake faɗa tana iya fitowa fili, ko da yake Chagall da Lipchitz sun nuna ba dole ba ne. A Tor Tre Teste an kauce wa wannan ta hanya mai sauƙi: gicciyen da ke bisa bagade tsoho ne, na ƙarni na 17, daga wani wuri aka kawo shi aka rataya. Baƙo ya yi ɗaki, masu ɗaki suka kawo abin da za su duba in suna addu'a. Wasu suna ganin gicciyen bai zauna da ginin ba, kamar an manna shi ne daga baya. Ni ina ganin rashin zaman nan yana da amfani, yana hana ɗakin zama na Meier shi kaɗai.

Tambayar ba ta Katolika kaɗai ba ce, kuma ba sai an bar Rum ba kafin a ga haka. Babban masallacin birnin, wanda aka buɗe a 1995 da tallafin Saudiyya, Paolo Portoghesi ne ya jagoranci zanensa, Ba'italiye daga gidan Kirista, tare da injiniya Vittorio Gigliotti da Sami Mousawi ɗan Iraƙi. Alƙibla da mihrabi da wurin alwala da sahun sallah ba Portoghesi ne ya ƙirƙiro su ba, gaya masa aka yi, shi kuma ya kawo ginshiƙansa masu rassa kamar dabino da hasken da ke shigowa ta tsakaninsu. A cikin shekara takwas birni guda ya samu masallacin da Kirista ya zana da cocin da Bayahude ya zana, kuma a duka biyun jama'ar da ke cika su ranar Juma'a da ranar Lahadi ba su daina zuwa ba saboda sunan da ke kan takardar zane.

Taron bishop-bishop na Italiya ya bi wata hanya da ta fi kusa da abin da nake faɗa. A gasannin da ya riƙa shiryawa tun ƙarshen shekarun 1990 domin sababbin cocin unguwa, ba a karɓar mai zane shi kaɗai, sai ya zo da masanin tsarin sujada da mai fasaha a cikin tawagarsa, domin muryar ikilisiya ta shiga tun ana jan layin farko. Wannan bai kashe gardama ba. Daga irin wannan gasa cocin Waliyyi Bulus na Foligno ya fito, ƙaton akwatin kankare da Massimiliano Fuksas ya zana aka keɓe a 2009, wanda ya sha suka fiye da na Meier. Amma a Foligno masu ƙorafi ba su tsaya binciken ko Fuksas yana zuwa coci ba. Sun tambayi alƙalan gasar da suka zaɓi zanen, da masanin sujadar da ya zauna a tawagar, da bishop ɗin da ya ba da izini a rubuce kamar yadda doka ta ce.